Shekarar da Na Gyara Motar Yankan Ciyawa da Hannun Uwarku

Na ji labarin yatsana iri-iri a bakinku, ƴaƴana. Ɗaya ya gaya wa abokansa wai wuƙar inji ce ta datse shi. Wata ta gaya wa ƴaƴanta wai a Abijan na baro shi, ƙofar mota ce ta matse. Akwai kuma masu cewa, ba a gabana ba, na watsar da arziki don taurin kai, na zaɓi ciyawar da mutum ba ya ci. Tun da sauran numfashina, gara in faɗa muku yadda abin ya kasance, ku daina aron labarin ubanku daga bakin waɗanda ba su nan.

Kamar sauran mazan Adar na zamaninmu, ina tasawa a Barmu na ɗauki jaka na tafi bida, wato ci-rani. Yayana Alhaji Mamman ya riga ni sauka Abijan. Shi ya tarbe ni, shi ya kai ni garejin motocin tipa ya ce a koya mini aiki. A can na san man nan da ke ɗaga bayan tipa cike da duwatsu, wanda muke kira idirolik, na san tiyonsa da famfonsa da muguntarsa. Ƙuruciyata duk a ƙarƙashin motocin mutane ta ƙare. Da ƙafafun mahaifiyarmu suka gaza, ya zama dole ɗayanmu ya dawo gida. Alhaji yana da motoci da direbobi a wuyansa, ni kuwa akwatin kayan aiki kaɗai gare ni. Na dawo, na ɗauko ta daga Barmu na kawo ta Tawa kusa da likita, ni da uwarku Rabi muka yi jinyarta har Allah ya karɓi abinsa.

A cikin shekarun nan ne ƙungiyar ƴan Adar mazauna Abijan, wadda Alhaji ke shugabanta, ta ce za ta yi wa samarin gida abin da zai ɗan rage musu ɗokin barin gari. Suka sayi fili a bakin garin Tawa, suka haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, suka sa aka shuka ciyawa irin ta filin ƙwallo. An yi mana dariya ƙwarai. Koren fili a ƙasar dutse da jan yashi, kuma ba don dabba ba, don ƙafar yara. Daga baya suka aiko da motar yankan ciyawa, tsohuwar hannu amma lafiyayya. Ba ta da sitiyari. Kujera ce ɗaya da sanduna biyu, kowane sanda yana tura mai ta cikin tiyo zuwa ƙafar baya guda. Ka tura su tare ta miƙe, ka ja ɗaya ta juya a inda take. Ban taɓa ganin irinta ba, amma da na kwanta na leƙa ƙarƙashinta na ga famfo da tiyo, sai na ji kamar na gamu da ɗan garinmu a tashar baƙon gari. Aka ba ni filin da motar. Yaran unguwa suka sa mata suna Tunkiya, saboda ba ta ƙoshi.

Abokin aikina Agali ne, Buzu daga arewacin Adar, wanda fari ya cinye masa garke ya shigo gari da tabarma da butar shayi. Shi ke ban ruwa da gadi, ni ke yanka da kula da inji. Ciyawar da muka yanke kuwa ba ta kwana. Matan unguwa na zuwa da buhuna su kwashe wa tumakinsu, har ta kai ragunan layin nan sun fi na ko'ina sheƙi. Masu dariya suka yi shiru tun daga nan.

Shekarar da nake ba ku labari, damina ta yi kyau. An shirya gasar ƙwallo tsakanin garuruwan karkara, aka ce wasan ƙarshe a filinmu za a yi bayan an yanke gero. Wata safiya ina shigowa na tarar da Agali tsugune a tsakiyar fili.

"Isuhu, taho ka gani," in ji shi. "Mi ya samu hakin ga?"

Wani siririn layi ne rawaya, ya tashi daga wannan raga ya tafi har waccan, ya juyo ya dawo, daidai inda na bi da Tunkiya. Na ciri ciyawar na murza na shinshina. Man idirolik ne. Yana fita da zafi daga wani wuri a jikin motar, kuma duk inda ya ɗiga ciyawa ta mutu har saiwa. Abin da na fara yi shi ne na tsaya bakin ƙofa na tare matan da suka zo da buhuna. Wata tsohuwa da ke kiwon rago ɗaya tal ta riƙe ƙugu.

"Yau kuma rowa ta tashi, Malam Isuhu?"

"Ba rowa ba ce, Inna. Guba ta zuba cikinta. In ragonki ya ci, ba shi ganin Layya."

Ta tafi tana gunaguni. Na sa Agali ya haƙa rami muka binne duk abin da aka yanke.

Sannan na koma kan motar. Na wanke ƙarƙashinta tas, na duba tiyo ɗaya bayan ɗaya, ban ga komai ba. Irin wannan huda ba ta nuna kanta sai inji na aiki, mai na cikin matsi. Muka ɗaga bayanta muka ɗora kan bulo, ƙafafun baya suna reto. Na tayar da inji, na tura sandan hagu na ɗaure shi da roba don ƙafar ta yi ta juyawa. Na juya ina yage kwali, domin da kwali ake neman irin wannan yoyo: ka bi jikin tiyo da shi, inda ya jiƙe nan ne. Ban ankara ba sai na ji Agali yana cewa, "Ga shi nan, amidinin, kamar hayaƙi!" Amidinin na nufin abokina a harshensu. Na waiwayo na ga ya miƙa tafin hannunsa zai shafa tiyon. Babu lokacin magana. Na kai hannun hagu na buge nasa gefe, sai manunin yatsana ya gitta ta gaban hudar.

Abin da na ji bai fi harbin zuma ba. Na kashe inji na duba, ɗan ɗigo ne kamar na ƙaya, ko jini bai fito ba. Agali ya yi dariya ya ce in tsotse in tofar. Ni kuwa na san abin da ɗigon nan yake nufi. A garejin Abijan na ga wani abokin aikinmu da irin wannan ɗigo a tafin hannu. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, bayan ƴan kwanaki aka yanke hannun daga wuyansa. Man yana huda fata kamar allura, ya bazu a ciki, ya riƙa kashe nama ba a gani. Na tsayar da kabu-kabu na ce asibiti, kada ya tsaya gaisuwa da kowa.

Likitar da na tarar mace ce, shekarunta ba su fi na babbar yayarku a yau ba. Da na ce mata man inji ne ya shiga da ƙarfi, ba ta ɓata lokaci ba. Ta tambayi irin man, ta tambayi tun yaushe, ta kira wani babbansu. Ranar aka tsaga yatsan har cikin tafi aka wanke. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma kan yatsan ya yi baƙi, aka cire gaɓa biyu. Da ta zo gaya mini, tana ta neman kalmar da za ta tausasa, na ce mata ta kwantar da hankalinta, na shigo ina tsoron rasa hannu, ga shi zan fita da shi.

Na dawo gida da hannu naɗe kamar damin auduga. Gidan ya cika da masu sannu, kowa da tasa fatawa. Agali kuwa bai shigo ba. Kullum sai ya zo ya zauna a ƙofar gida, ya ja rawaninsa har ido, in an ce ya shigo sai ya girgiza kai. Uwarku ce ta gaya mini ya ɗaure kayansa, wai zai koma arewa, ba ya iya kallona.

Ana cikin haka Alhaji ya kira daga Abijan.

"Isuhu, ni na aiko da abin ga. Ni na sa ka gare shi. Da hannuna na yanke maka yatsa."

"Haba Yaya, ƙaddara ce. Kuma motar ba ta da laihi, tiyo ɗai ne ya huje."

"Ban son jin komi. Na gama magana da mutanen ƙungiya. Akwai wani Bamaraɗe da ka son injin, shi sa ma famfon ruwa. A saida mishi. Hilin shi koma ƙasa kamar na kowa, yara sun saba. Kai kau ka shirya ka taho. Inna ta rasu, ba abin da ka riƙe ka. Ka zamna ofis ka duba min motoci, ba ka ƙara taɓa ƙarhe."

Ku da kuka san Alhaji kun san ba shawara yake bayarwa ba. Shi ya yi mini aure, shi ya biya mini kuɗin mota ranar da na fara barin gida, tun da mahaifinmu ya rasu maganarsa ce maganar gidanmu. Ban taɓa ce masa a'a ba. Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani, ya ce tunanin me.

Bamaraɗen ya zo kuwa. Mutumin kirki ne, ya yi mini sannu, ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa inji da ɗan makulli, wato sifana, yana faɗin yadda zai cire shi ya jefar da sauran. Ina tsaye ina kallon ciyawar da ta fara kai ƙauri saboda rashin yanka. Na tuna injinan niƙa da famfunan da na gani a garuruwanmu, an aiko da su daga nesa da murna, suka mutu saboda ɗan abin da bai fi tafin hannu ba, awaki suna kwana a inuwarsu. Na tuna kuma cewa duk abin da na taɓa gyarawa a rayuwata na wani ne, a ƙasar wani. Wannan fili shi ne abu na farko da nake wucewa a garinmu in ce ni ke riƙe da shi.

Da la'asar na sami uwarku tana tankaɗe a tsakar gida. Na gaya mata ba ni zuwa Abijan, kuma zan gyara motar. Ba ta ɗago ba.

"Malam, ɗiyanka maza na tasowa. Can Yaya na iya kama musu hannu. Nan mi za su ci, haki?"

"Na sani."

"Kuma ka san in ka ƙi maganatai, ba shi mantawa."

"Wanga ma na sani."

Ta buga rariya a gefen ƙwarya. Can ta dubi damin da ke hannuna.

"To da wane hannu za ka gyaran?"

Na tashi na tafi masallaci.

Washegari na kira Alhaji na faɗa masa. Na roƙe shi ya bar mini motar zuwa ranar wasa. In ba ta tashi ba, a sayar. Sai ya ce:

"Na kira ka don in hutar da kai, ka zaɓi ƙarhen da ya cuce ka. To ga ka ga ta. Kada ka sake kirana bisa zancen hili."

Ya kashe waya. Na zauna da ita a hannu ina jin kamar an sake yi mini wani yankan.

Na fita zan tafi fili ke nan sai na ga uwarku a zaure, ta ɗaura tsohon zane a kan na jikinta, ta yafa mayafi, akwatin kayan aikina yana kanta.

"Mu tahi," in ji ta. "Ka ce min abin da za ni yi. Amma ka sani ban yarda da kai ba."

A ƙofar gida muka tarar da Agali a mazauninsa. Na tsaya a kansa na ce masa in yana son ya biya ni yatsana, ba da gudu zai biya ba, ina bukatar mai ɗaga mota. Ya tashi ya bi mu.

Ba zan manta da wannan safiya ba. Na fara girgiza sandunan gaba da baya, inji a kashe, don matsin da ya rage ya sauka. Na sa tasa a ƙarƙashi. Uwarku ta shimfiɗa buhu ta kwanta a gefen motar, macen da ko keke ba ta taɓa hawa ba. Na nuna mata tiyon da ya huje, na ba ta makulli biyu, ɗaya ta riƙe gindin, ɗaya ta murɗa kan, domin in aka murɗa da ɗaya kaɗai za a karya bakin famfo. Ta gwada, ya ƙi. Na ce Agali ya karɓa, ta ce ya tsaya inda yake. Ta gyara kwanciya, ta dafe ƙafa da taya, ta yi bisimilla ta ja. Hannun da ya shekara talatin yana daka ba abin wasa ba ne. Sai muka ji ƙas, ya saki. Mai ya zubo mata har gwiwar hannu, baƙi da wari, ta dube shi ta dube ni.

"Wanga ƙazanta ka fi so da Abijan?"

Na sa ta toshe bakin famfo da na ƙafa da tsumma mai tsabta, ta ɗaure da leda, don ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ta isa ta kashe famfon. Da tiyon ya fito na ga abin da ya faru. Ɗan ƙarfen da ke riƙe shi ya faɗi ban sani ba ko yaushe, tiyon ya kwanta a kan kaifin firam, kullum yana gogawa har ya ci roba ya ci wayar ciki.

Na ɗauki tiyon na shiga gari. Akwai wani Badamagare, Malam Lawali, mai matse tiyon tipa da katafila a bayan tasha. Ya juya shi a hannu, ya gwada kawuna iri-iri daga cikin gwangwanayensa, ba wanda ya hau.

"Tiyon ina da irinsa," in ji shi. "Kawunan ne babu. Zaren nan ba na ƙasar nan ba ne. Sai dai a aika Yamai ko Kano, kuma ban ce za a samu ba."

Na ce masa to mu yi abin da muke yi a gareji in mota ta mutu a daji: a yanke tsofaffin kawunan daidai inda zaren ya ƙare, a liƙa su da waldar tagulla a kan sababbin wutsiyoyi, sannan a matse a sabon tiyo. Ya ce ya taɓa yi, amma ba ya son yi wa abin da mutum ke zama a kansa, sai in zan tsaya mu duba tare. Muka yini a kai. Na farko da muka liƙa bai gamshe shi ba, ya ce akwai ƙofar iska, ya narke ya sake. Da ya matse, ya ɗaura tiyon a famfon gwajinsa ya ba shi matsin da ya fi na motar, muka koma bayan bango muna leƙe. Ko gumi bai yi ba. Muka wanke cikinsa, muka hura, muka toshe bakunan.

Ɗaurawa ta fi cirewa wuya. Tiyo ba ya son murɗiya, kuma akwai layin rubutu a jikinsa da ke nuna ko ya miƙe. Uwarku ta ɗaura, na leƙa na ga layin ya karkace, na ce ta kwance. Ta sake, na ce ta kwance. A karo na gaba ta ajiye makulli ta zauna.

"Malam, in kana son mata mai haƙuri da wanga aiki, sai ka sa a ƙera maka."

Agali ya yi dariya, karo na farko tun ranar da abin ya faru. Ya hura gawayi ya ɗora shayi, muka sha, ta koma ƙarƙashi da kanta, layin ya fito sak. Na sa Agali ya yanko robar tayar babur muka naɗe inda tiyon ke kusa da firam, muka yi masa sabon maɗauri. Muka zuba sabon mai. Saura fitar da iska, domin in iska na cikin layi motar sai ta yi ta kuka ba ta motsi. Na buɗe ɗan bawul ɗin da ke sakin ƙafa, na tayar da inji, na sa Agali a kujera yana tura sanda gaba da baya a hankali. Na rufe bawul, muka sake. Man ya sauka, muka ƙara. Ƙafar hagu ta yi shiru kamar ba da ita ake ba. Uwarku na tsaye da makulli a hannu, ta daina ko ƙifta ido. Sai ƙafar ta ɗan motsa, ta tsaya, ta sake motsawa, sannan ta kama juyawa sumul.

Na ɗaura kwali a bakin sanda mai tsawo na miƙa wa Agali. Ya bi jikin tiyon daga wannan kai zuwa wancan. Ya zaro kwalin ya ɗaga sama. A bushe yake. Uwarku ta saki guɗa a tsakiyar filin ƙwallo, har masu wucewa a kan hanya suka tsaya suna tambaya ko haihuwa aka yi.

Sauran aikin na gwiwa ne. Ciyawar ta yi tsawo, sai da na yanke ta a hawa-hawa, ina tuƙi da hannu ɗaya da rabi. Layin da mai ya ƙone muka haƙe shi, muka kwashe ƙasar, muka zuba sabuwa da taki, muka ciro ciyawa daga gefen fili muka dasa. Matan unguwa, har da tsohuwar nan mai rago, su suka yi dashen, suna tsugune a jere kamar masu dashen albasa. Ranar wasa layin bai gama haɗewa ba, amma sai wanda ya san da shi yake ganinsa. Kalfu da Barmu suka fito wasan ƙarshe. Jama'a har kan katanga. Na ga samari da suka saba faɗuwa a kan tsakuwa suna jefa jikinsu ƙasa da gangan, su tashi suna dariya. Kalfu ta ci Barmu, garinmu na asali, kuma har yau ina cewa ƙwallon nan ta biyu satar gida ce.

Yanzu ga abin da ya biyo baya, don kada ku ce na ɓoye. Alhaji ya cika maganarsa. Gaisuwar Salla kaɗai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice. Wurin da ya tanadar mini ya ba wani. Da aka yi auren babbar yayarku ya aiko da kaya na gani na faɗa, amma bai zo ba, kuma kun ga yadda na yini ina duban ƙofa. Ku maza, da kuka isa tafiya, ba ku sami hannun da ni na samu ba. Ɗayanku ya sha wuya a Libiya, na san da haka, kuma na san wani ɓangare na wannan wuya daga zaɓina ya fito. Uwarku ba ta taɓa cewa na yi daidai ba. Abin da kawai na sani, duk lokacin da za a canja mai ko a duba tiyo, ba ta yarda wani ya riƙe makulli na biyu. Ni kuma in aka mayar da ni wannan la'asar, abin da na faɗa mata shi zan sake faɗa. Filin yana nan kore. Yaran da suka fara buga ƙwallo a kansa yau su ke kawo nasu.

Shekaru suka wuce, ciwon suga ya kama Alhaji, ya tattara ya dawo gida gaba ɗaya. Na je na gaishe shi, ya amsa kamar yadda ake amsa wa maƙwabci. Wata safiya ina cikin yanka sai na hango mutum a bakin raga, da babbar riga da sanda. Na kashe inji na sauko na durƙusa. Bai dube ni ba. Ya zagaya motar a hankali, ya sunkuya da ƙyar ya leƙa ƙarƙashi.

"Wanne ne?"

Na nuna masa tiyon, da robar babur ɗin da ke naɗe har lokacin.

"An ce Rabi ta ɗaura shi."

"Ita ce, Yaya."

Ya miƙe yana nishi. Ya dubi filin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya daɗe. Sannan ya miƙo mini sandarsa.

"Riƙe min. Ƙaƙa aka tuƙa abin ga?"

Ni da Agali muka ɗora shi a kujera, muka tattara masa riga don kada ta shiga ƙafa. Na nuna masa sandunan, na ce a hankali. Ya tura na dama fiye da na hagu, motar ta yi kwana ta nufi tutar kusurwar fili, ya ja, ta juyo ta nufi Agali, Agali ya ruga yana riƙe da rawani. Alhaji Mamman, mai motoci a Abijan, yana ihu yana cewa in tsayar da ita, yana dariya har hularsa ta faɗi. Ya bar mini wata karkatacciyar hanya a tsakiyar fili kamar sawun maciji. Da muka sauke shi ya kama hannuna na hagu don ya tsaya daidai, ya riƙe bai saki ba.

"Gobe da wane lokaci kaka farawa?" in ji shi.

Na ce bayan an karya kumallo. Ya ce a ajiye masa kujera a inuwa.